Karen Baba Idi Ba Ya Jin Larabci

"Aikin farko yau: nemo wa Duna fili." Haka na gani a tsohon littafina na shekarun tamanin, lokacin ina ɗan arba'in.

Duna karen maƙwabcina ne, Baba Idi, mai gadin wata gonar dabino a Jurf, unguwar da muke zaune a ƙasar Larabawa. Da aka yanka gonar aka yi gidaje, sai kare ya koma ɗaure a tsakar gida, kullum kuka. Maƙwabta suka ce ko ya yi shiru kafin Juma'a, ko a rabu da shi. Tsohon kuwa ba shi da kowa sai karen nan.

Wuri uku na rubuta, na soke biyu: ɗaya kusa da masallaci, ɗaya akwai awaki. Saura wani busasshen kwari bayan unguwa, shi ma ina shakkarsa.

Da la'asar muka je. Na kwance igiya na ce masa da Larabci, "Yalla, ruh!", wato maza, tafi. Duna ko motsi bai yi ba. Na ɗauka ɗauri ya kashe masa zuciya.

Baba Idi ya yi dariya. "Ya waladi, ɗana, ai Bahaushe ne, bai iya Larabci ba." Ya durƙusa kusa da shi, ya ce, "Je ka, ja'iri."

Sai ƙura kawai muka gani. Tsohon yana kallo yana goge ido. Daga ranar kuka ya tsaya, ba wanda ya sake zancen Juma'a.

Ku fa, da wane harshe ake yi muku magana ku ji har cikin zuciya?

A ƙasan shafin na rubuta aikin gobe:
- mayar da Duna kwari
- gyara ƙullin igiya
- fara yi wa 'ya'yana Hausa a gida