Gashin da Na Jefa a Murhu

Ni ne na yi kuskure, kuma ba ni da wanda zan raba laifin da shi. Karatuna bai wuce izu goma ba, sana'ata rini a Ƙofar Rini, amma a lokacin gani nake babu abin da zai shige mini duhu a cikin gidana.

A daminar da masassara ta kwantar da uwar 'ya'yana, Allah ya tashe ta, sai dai gashinta ya zube. Mace ce da makitsiya kan yini a kanta idan za a yi mata doka, tudun kitson nan da ake tayarwa daga goshi zuwa ƙeya. Ta koma ɗaure kai ko a tsakar gida, ni kuwa ban taɓa tambayarta ba.

Wata rana da hantsi na shiga ɗakinta neman allura, na buɗe wata ƙwarya a ƙarƙashin gado. Gashin mutum ne a murɗe da baƙin zare, an ɗinke shi a kan ƙyallen saƙi, zaren kuma daga marinata ya fito. Zuciyata ta ce asiri ne, mallake ni za a yi. Na kai shi murhu na jefa.

Ƙaurin ya taso ta daga bakin turmi.

"Malam, mi ka ƙona?"

"Abin da boka ya ba ki."

Ta daɗe tana kallon wutar. "Wane boka? Gashina na. Tun ina kwance nike tara shi. In asiri nike so in yi maka, Malam, ai naka zan nema, ba nau ba."

Ta koma ta ci gaba da daka.

Tsohuwar makitsiyar unguwarmu ce ta ƙarasa mini labarin. Wata uku matata tana koyon haɗa tudun doka da gashin nan ita kaɗai, ta ɗinka ta kwance har sau huɗu, don ta ɗora shi ƙarƙashin kallabi ranar sunan ɗiyar ƙanwarta a Ƙofar Marke. Saura kwana shida. "Mai rini," in ji tsohuwar, "na ɗauka hannunka kaɗai shuni ya kama."

Ta tafi sunan da kallabi a kwance bisa kai. Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Da ta dawo sai ta ɗauki mazari ta kaɗa zaren auduga siriri, irin wanda ban taɓa ganin ta kaɗa ba, don ya maye gurbin gashin. Takan maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafa, ta murza shi a cinya, ta shafa man shanu har ya yi sheƙi. Inda ya karkace ta warware, ko tsaki ba ta yi. Ina wucewa ina satar kallo, ina jin kunyar hannuna.

Sai da zaren ya isa rini, ta aika da shi marinar maƙwabcina, sannan na iya buɗe baki. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Na zarge ki da abin da ba ki yi ba, na ƙona abin da ba zan iya mayar miki ba. Ban tambaye ki ba, tun kina ciwo ban tambaye ki ba. Don Allah ki yafe mini."