Gurbin da Muka Rufe a Challawa

Har gobe ban manta ranar da Malam Haladu ya yi mini sallama a Panshekara ba, ko karyawa ban yi ba. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku da kuka shigo aiki jiya-jiya ba ku san yadda abin yake a farkon shekarun tamanin ba.

Lokacin ina ƙaramin malamin kifi. Aikina bai wuce in hau babur ɗin gwamnati in bi bakin kogin Challawa ba, da wani ɗan katako na awo a aljihu. Duk tarun da na samu sai in zura katakon a idonsa. In ya shige, taru ya cika ƙa'ida. In bai shige ba, ido ya yi ƙanƙanta ke nan, zai kwashe har 'ya'yan kifi, sai in karɓe shi in rubuta. Masunta ba sa ƙaunar ganina, ni ma ban ga laifinsu ba.

Wata shekara bayan kaka Oga, wato shugaban sashenmu, ya kira ni. Ya ce an fito da sabon shiri: a samu gurbi ɗaya a kogi, a rufe shi rani guda, gwamnati ta zuba irin kifi, kada kowa ya taɓa sai sun girma. Gurbi shi ne inda ruwa yake kwanciya da zurfi idan kogi ya janye. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba za su ji maganata ba." Ya ce, "To nemi wanda suke jin tasa."

Wanda suke jin tasa shi ne Malam Haladu, Sarkin Ruwansu. Dattijo ne mara yawan magana. Na yi masa bayani, ya saurara har na gaji don kaina, sannan ya ce, "Malamin kifi, rufe gurbi ba gwamnati ta fara shi ba, kakanninmu ma sun yi. Amma su wata biyu suke yi. Kai rani guda kake nema, mutanen nan kuma da iyali. In na ce su haƙura za su haƙura. Me zan ce musu ya tsaya mini?"

Ni kuwa da ƙuruciya da ɗokin aiki na dafa ƙirji na ce, "Gwamnati ce ta tsaya muku, Baba." Wannan maganar ita ce har yau take damuna.

Aka kawo 'ya'yan karfasa da tarwaɗa a durom cikin motar ofis, muka zuba. Malam Haladu ya kafa sanda a bakin gurbi ya ɗaura mata ƙyalle, shi ke nan an rufe. Ba ɗan sanda, ba takarda. Wallahi wata biyar babu wanda ya jefa ko ƙugiya. Wasu suka tafi leburanci Sharada, wasu suka kama noman rani a gonakin mutane. Da azahar in ka tsaya za ka ga ruwa yana motsi da kifi. Aka sa ranar su, wato ranar da za a buɗe gurbin a kama kifi, Oga ma ya ce zai zo da mai hoto.

Saura kwana shida Malam Haladu ya zo gidana a kan keke. Bayan gaisuwa ya ce, "Zo ka ga kifin gwamnati."

Tun daga nesa wari ya tare mu, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan ya koma baƙi-baƙi da kumfa a gefe, kifi kuwa duk sun juyo ciki sama, fari fat, manya da ƙanana. Masunta suna tsaye a bakin gurbin. Muka bi bakin kogi sama har muka iske lambatun da ya gangaro daga wani kamfanin jima. Ramin da suke tara ruwan sinadarin fata ne ya cika, suka buɗe shi.

Wani daga cikin masuntan ya dubi Malam Haladu, ba ni ba, ya ce, "Sarki, da ka bar mu mun kama tun suna ƙanana, da ko miya mun sha." Dattijon ya je ya tuge sandar nan, ya kwance ƙyallen ya sa a aljihu.

Na ɗebi ruwa kwalba uku, na rubuta rahoto shafi huɗu, na kai. Oga ya karanta, ransa ya ɓaci ƙwarai, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya ce, "Mu kifi ne huruminmu. Ruwa na wani ofishi ne, kamfani kuma na wani." Aka buɗe fayil. Na kai shi ofishin farko, suka ce a rubuto musu ta hannun na biyu. Na biyu suka ce sai sakamakon gwajin ruwa ya fito. Wurin gwaji suka ce kwalaben sun daɗe, a sake ɗebowa. Kafin nan damina ta sauka, kogi ya wanke komai. Na yi ta zarya har tayar babur ta suɗe. A ƙarshe abin da ya fito daga fayil ɗin umarni ne gare ni: in ƙara tsananta awon taru.

Na koma bakin kogi, amma ba kamar da ba. Masunta suka daina kai wa Malam Haladu magana. Kowa ya kama abin da ya samu da tarun da ya ga dama, ni kuma sai in kau da kai. Da wane baki zan hana?

Bayan kamar shekara uku aka aike ni kai takarda wani kamfani a Challawa. Maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, da kaki da kulki. Malam Haladu ne. Na rasa inda zan sa fuskata. Shi kuwa ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Har yanzu kana yawo da katakon nan?" Na ce yana aljihu. Ya gyaɗa kai, ya ja mini ƙofa na shige.

Abin da na koya shi nake gaya muku. A aikin nan doka tana da saurin isa ga mai taru, ga mai lambatu kuwa sai ta yi ta jan ƙafa. Kuma in za ku yi wa mutane alkawari, ku yi shi a kan abin da ke hannunku. Ni na ara sunan gwamnati na ba dattijo, shi ya ɗora nasa a kai. Aka ƙara mini girma sau uku kafin in yi ritaya. Shi kuwa a bakin ƙofar nan ya ƙare.