Ranar da aka ɗaga ni a tukunya

Maigidana mai zubin tukwane ne, irin na dalma da ake girkin biki da su. A bayan gidanmu a Tarauni yake narka tsofaffin fistin na mota, domin a cewarsa akwai silikon a cikinsu, shi ke sa narkakken ƙarfen ya bi ko'ina a ƙasar zubi. Mutum ne mai son wuta. Yana hura ta sai ƙarfen ya yi ja kafin ya zuba, yana taƙama wai nasa ya fi na kowa nuna.

Wata shekara kunnuwan manyan tukwanensa suka riƙa ɓallewa. Wadda ta fi yi masa ciwo ita ce ta maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta 'yar Filato, da za ta aurar da 'yarta. Ruwa kawai ta cika, aka ɗaga, kunne ya tsinke. Ta dawo da ita ba faɗa, ta ce, "Malam, ka sake mini wata. Ni dai ba zan je wurin wani ba."

Kunya ta kama shi. Ya rantse in ta biyun ta karye ya bar zubi, zai karɓi adaidaita sahu a hannun wani abokinsa a Gyadi-Gyadi. Har makullin adaidaitar ya kawo ya rataye a ƙusa. Na tsani makullin nan. Sana'ar ubansa ce, kuma ni a bakin wutar nan na fara ganinsa na ji ina sonsa.

Ya sa guduma ya farfasa tukunyar, muka tsuguna muna duba gutsattsarin. Cikin kunnen ƙwayoyi ne manya masu ƙyalli kamar gishirin da ba a daka ba. Bakin tukunyar kuwa, inda ba kauri, laushi kamar garin tuwo, kuma da ƙyar ya karyu. Ya daɗe yana juya su, can ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

"Kin gani? Bakin nan ya huce da wuri, ƙwayar ba ta samu damar girma ba. Kunnen kuwa yana da kauri, ga shi na zuba da zafi, ya yi ta hucewa a hankali."

Na ce, "Wato dai wutarka ce."

Ya harare ni, amma bai musa ba.

Da ya zo sake zubi, ya binne guntayen baƙin ƙarfe masu sanyi a ƙasar, daidai inda kunnuwan za su fito, don su zuƙe zafin da sauri. Ya sauke narkakken ƙarfen ya bar shi ya lafa. Ina kallonsa yana ta kai da komo, hannunsa na ƙaiƙayin zugazugi. Dariya ta kusa kashe ni.

Ranar gwaji malamar ta shigo tsakar gida, ƙanin maigidana ma ya zo kama kunne ɗaya. Shi kuwa tsokanata ce abincinsa. Ya ce, "Yaya, bar ɗebo ruwa. Matar nan taka ta fi buhun shinkafa, a sa ta ciki."

Malamar ta tafa hannu. "Shiga, ƙanwata, in ta ɗauke ki ta ɗauki bikina!"

Wallahi na tattare zane na shiga. Suka kama kunnuwan, na runtse ido, sai na ji ƙasa ta rabu da ni. Suka zaga da ni tsakar gida ina ihu, malamar na guɗa. Kunnuwa ko motsi.

Da suka dire ni ban tsaya gyara ɗankwali ba. Na nufi ƙusar nan, na zare makullin, na danƙa wa ƙanin nasa. Na ce ya mayar Gyadi-Gyadi yanzu, kuma a ƙafa.