Jijiyar Haƙorina da Kunyar 'Yar Fari

Shekaru sun ja da yin abin nan, amma tsoron da zan ba ku labarinsa ya girmi ciwon. Tun ina yarinya a Mandawari akwai wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a lungunmu, idonta ɗaya a shafe. Kowa cewa yake haƙorin sama aka taɓa mata, jijiyarsa ta ja idon. Ban taɓa tambayarta ba. Na dai riƙe a raina cewa duk wanda aka taɓa wa haƙorin sama, idonsa ya tafi.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, fastocin 'yan takara har jikin zaurenmu, na haifi 'yata ta fari, na dawo gida wanka. A nan haƙori ya tashi, kuma na sama, daidai ƙarƙashin idona na hagu. Kun san abincin maijego: kunun kanwa da zafinsa, ga gasasshen nama da yaji. Kunu na taɓa wurin sai in ji kamar an soka min ƙusa har ƙwaƙwalwa. Naman kuwa sai kallo. Na sa kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, na danna tafarnuwa har dasashina ya saluɓe. Ci ya gagara, nono ya fara ja da baya. Yarinya ta kama, ta tsotsa, ta saki, ta fashe da kuka.

Rannan Umma, mahaifiyata, ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗauko mayafinki."

"Umma, ban yi arba'in ba fa."

"Arba'in ɗin ce za ta shayar da ita? Tashi."

A asibiti likitar mace ce. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta ce ba sai an cire shi ba. Jijiyar cikinsa ce ta ruɓe, za a zare ta, a wanke ramin, a cike. Ina jin "jijiya" na zabura na ja da baya, likitar ta dube ni.

"Maijego, allura kike tsoro?"

Na girgiza kai.

"Ƙarar inji?"

Na sake girgiza kai. Abin da ke raina shi ne kar in makance ban ga girman yarinyar nan ba. To ta yaya zan faɗi haka a gaban Umma? 'Yar fari ce. A gidanmu ko sunanta ba na kamawa. In aka miƙo min ita a gaban manya, sai in kau da kai kamar 'yar maƙwabta aka ba ni riƙo.

Umma ce ta ce, "Likita, ido take tsoro. Wai jijiyar a haɗe take da ido."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hoton saitin fitila ta nuna min. "Ga haƙorin, ga inda jijiyar ta tsaya, siririya kamar zaren ɗinki. Ido yana can sama, hanyarsa daban. Barin ruɓar nan ma shi ne abin gudu, don kumburi yakan hau fuska. Allurar kuma ba za ta ɓata miki nono ba."

Na ce to, amma da baki kawai. Ta kuwa gane. Ta jawo kujera ta ce, "Mama, dawo nan da jikarki, saitin fuskarta. Ke kuma aikinki ɗaya, ki kalli 'yarki, kar ki ɗauke ido. Da kin ga ta fara yi miki dishi-dishi, ɗaga hannu in tsaya."

Na saci kallon Umma. Ta ɗago yarinyar ta jingina ta a ƙirjinta, ta ce, "Kalle ta mana. Ai umarnin likita ne, ba rashin kunya ba." Sannan ta mai da fuskarta wajen taga.

Allurar kamar cizon cinnaka ce, daga nan leɓena ya yi nauyi, shi ke nan. Inji yana ta ƙara a bakina, ni kuwa ina can wajen 'yata. A ranar na ga kunnenta na dama a ɗan lanƙwashe yake irin na babanta. Na ga in za ta yi hamma sai ta fara yamutsa hanci. Ban san hawaye na zuba ba sai da likita ta tsaya.

"Zafi kike ji?"

Bakina a wangame, ba halin magana. Umma ta ce, "Ci gaba da aikinki, likita. Wannan ba na haƙori ba ne."

A tasi, hanyar gida, ina ta rufe ido ɗaya ina gwada ɗayan a kan 'yan acaɓa. Umma ta zungure ni. "Bari mana, kar direba ya zaci kanne masa ido kike."

Na koma aka ƙarasa cikon. Kunu ya shiga, nono ya dawo, yarinya ta yi ɓul-ɓul. Haƙorin yana nan a bakina har yau, da shi nake tauna aya.

In na tuna, ba aikin ne ya wahalar da ni ba, zaman da na yi da ciwon ne saboda tsoron da na kasa faɗa. Don Allah, in akwai mai dafe kunci a gidanku yana ƙin asibiti, kar ku yi masa dariya. Ku tambaye shi a hankali me yake tsoro, sannan ku raka shi.