Tankin Babur Ɗin Taubashina

Fensir iri biyu na sani da ke son ruwa. Akwai na kala, wanda na sawo akwati guda a Kwatano lokacin da nake yawon fatauci: ka goga a takarda, ka bi da jiƙaƙƙen buroshi, sai ya narke ya yi laushi kamar fenti. Ko ya bushe, in ka sake jiƙa shi zai tashi. Akwai kuma na tawada, irin wanda 'yan albasa a Illela ke lasa su sa alama a buhu, leɓensu ya koma shunayya. Shi wannan in ya sha ruwa ya shige cikin takarda, to ya zauna ke nan.

Kuskuren da aka yi, taubashina ya gane halin na farkon.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ya sayi sabon babur a Ƙonni, ya ce lallai in zana masa shi ya rataya a shago. Takarda mai kauri ɗaya tak ta rage mini, ina ajiyarta don zanen kasuwarmu, raƙuma da komai. Amma ɗan kawu ne, ya zauna mini a zaure yana cewa duk yawona a duniya ban koyo komai ba sai rowa. Na ba da kai.

Na zana babur, tanki ja kamar yadda yake. Ya yaba. Sai ya ga na ɗauki tsumma mai danshi na ɗauke wani ɗigo da ya zarce. Idonsa ya tsaya a kan tsumman.

Washegari ya dawo, wai jan ya yi yawa, ko na 'yan canji bai kai haka ba, a mai da shi shuɗi. Na goge, na shafa shuɗi. Bayan nan ya ga wani babur tsanwa ya wuce ta bakin iyaka, ransa ya biya. Na ce masa babur ɗinsa fa ja ne, yana nan a ƙofar gida. Ya ce ai shi ya sa ake zane, in don a ga ja ne sai a leƙa waje.

Kowace gogewa tana cin takardar. Wurin tankin ya yi gashi-gashi, in na ɗaga ta a rana ina ganin haske ta ciki. Saura kaɗan ta huje, in rasa babur in rasa kasuwa.

Da ya aiko cewa a koma ja, sai na tafi rumfar 'yan albasa na aro fensirinsu. Na cika tankin, na jiƙa, shunayya ta fito tsaf, mai ƙarfi, ta fi duk kalolin Kwatano haske. Na bar ta ta bushe.

Ya zo, ya duba, ya lashi yatsa ya murza. Yatsan ya ɓaci, tanki na nan yadda yake.

"Wanga mi na, taubashi?"

"Wanga ba ya jin magana. Irinka na."

Ya ɗauki zanensa ba godiya. Ba a jima ba na gan shi ya shigo gari, tankin babur ya sha fenti shunayya, yana gaya wa mutane shi ya zaɓi kalar, ni dai kwaikwaya na yi.

Kasuwar kuwa a bayan kwalin sukari na zana ta. Kwalin bai jure ruwa ba, raƙuman duk suka jiƙe suka yi kama da tumaki.