Addu'ar da na yi a Madagaska

Ana sallame asuba muka bar Talata Mafara, mu uku: ni, da wani manomin alkama daga Birnin Tudu, da wani dillalin shanu na Maradun wanda har yau ban san yadda sunansa ya shiga cikin manoma ba. An zaɓe mu ne mu je tsibirin Madagaska mu ga yadda suke noman shinkafa, tunda madatsar Bakolori ta kawo mana noman rani, kuma yawancinmu koyo muke. Mun bar ƙasa a bushe ƙamas, daminar bara ba ta yi kirki ba, kowa zancensa ruwa.

Daga Sakkwato sai Legas, daga nan jirgi ya yi ta sauka yana tashi har na daina tambayar inda muke. Muna isa na ga ikon Allah: mu muna tsakiyar rani, su kuwa damina suke, ko'ina kore shar. Ayaba da kwakwa kamar kyauta, amma sabulu da kananzir sai mai hali. Shinkafa kuwa safe da rana da dare. Dillalinmu da ya ga shanunsu masu tozo irin namu sai ya manta abin da ya kawo mu, kowane sa sai ya shafa ya yaba da Hausa.

Aka kai mu wani ƙauye a bakin teku, kan hanya mai laka, tare da tafinta ɗan Nijar mai jin Faransanci. Mai masaukinmu dattijo ne Musulmi. Mun tarar da shi a gona da 'ya'yansa, suna yankan shinkafar da ba ta gama nuna ba. Maƙwabta na ɗaure rufin kwano da igiya, masunta na jan kwale-kwale zuwa tudu, kowa rediyo a kunne. Duk na gani, ban tambaya ba. Har na ce da ɗan Birnin Tudu, "Waɗanga mutane gaggawa gare su. Ina ga mu ne za mu koya musu noma."

Dattijon ya ajiye lauje, ya kira 'ya'yansa daga gona, aka yanka mana kaji. Muka miƙe ƙafa muna ci muna hira har la'asar, fiye da rabin gonarsa na tsaye. Da muka gama ya ce in yi addu'a, tunda ni ne babba. Na ɗaga kai na hango hadari baƙi ƙirin ya haɗo kan teku, irin wanda a gida da mun kwana muna godiya. Na ɗaga hannu na ce Allah ya sauko da shi, ya ƙaro, kada ya rage ko ɗigo. Abokaina suka yi amin da ƙarfinsu.

Dattijon ya tambayi tafinta abin da na roƙa. Tafinta ya yi ta kame-kame, sannan ya faɗa masa. Sai tafintan ya juyo gare ni ƙasa-ƙasa: "Alhaji, guguwar teku ce rediyo ke faɗa tun jiya. Ita suke tsere wa da yankan nan." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da hantsi washegari guguwar ta iso, muna cunkushe da mutanen ƙauyen cikin makarantar siminti. Ruwa ba daga sama yake zuba ba, a kwance yake tafiya. Kwanon rufi na yawo kamar takarda. Can sai ko'ina ya yi tsit, na miƙe zan fita, dattijon ya riƙe min riga. Ashe juyowa take ta ɗaya gefen, kuma ta fi ta farko muni. An ce mana a watannin nan take zuwa, wata shekara ta kauce, wata shekara ta faɗa musu.

Da ta wuce muka je gonar. Shinkafar da ba a yanka ba tana kwance cikin ruwan gishiri, ɗakinsa babu rufi. Na san ba addu'ata ce ta kawo guguwa ba, amma yinin da ya ɓata a kanmu fa? Ban iya haɗa ido da 'ya'yansa ba.

Ranar da za mu tafi ya rako mu bakin mota, ya ɗaga hannu yana jira in sake yin addu'a. Kunya ta rufe ni. Na ce da tafinta, "Tambayi baba, mi za ni roƙa musu?" Dattijon ya ce, rana, don abin da suka tsira da shi ya bushe. Tun da aka haife ni ban taɓa roƙon rana ba sai ranar.

Mun dawo Mafara da azahar, kwalta har narkewa take. Ana ta tambayata abin da na koyo game da shinkafa, gaskiya kaɗan ne. Abin da na koyo shi ne in tambayi mai gida damuwarsa kafin in ɗaga hannu. A tasha kowa na tsine wa zafin rana, ni dai ina fatan tana haskawa haka a kan shinkafar dattijon nan.