Wasiƙar da ta kwana tara a jakata

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Ishaya, har yau kuma in na wuce akwatin wasiƙu na asibitin da nake aikin jinya a Doha sai na kau da kai.

Yaya mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, amma abin da ya fi cin ransa shi ne neman kabarin kakanmu Dauda. Wani Bature ɗan mishan ne ya tafi da Kaka Ingila don ya taya shi fassara waƙoƙin sujada, lokacin Baba yana goye. Bai dawo ba. Aka aiko cewa sanyi ya kama ƙirjinsa, an binne shi a ƙauyen wani dangin Baturen. Kakarmu ta riƙe kwatance biyu kacal: ƙauyen na da coci mai agogo, kuma akwai tumaki. Da wannan kwatancen Yaya ya shiga neman ƙauye ɗaya a duk faɗin Ingila, ƙasar da ko'ina ka juya coci ne da tumaki.

Ya gano cewa kowace ikilisiya a can tana da littafin da take rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, ko aka ɗaura wa aure, ko aka binne. Sai ya dinga rubuta musu wasiƙa da hannu, ƙauye bayan ƙauye. Gidan ma'aikatan da kamfaninsu ya ajiye su a Mu'aither ba shi da adireshi, don haka amsoshin ta akwatin asibitinmu suke zuwa. Duk Juma'a bayan sujada, tunda a nan ran Juma'a muke zuwa coci, sai ya biyo ni ɗakina a Bin Mahmud, ya ci tuwo, in miƙa masa abin da ya zo. Kusan kullum amsar ɗaya ce: sun duba, ba su gani ba, suna yi masa fatan alheri.

Ni dai abin ya ishe ni. Na taɓa ce masa, "Yaya, khalas, ya isa haka mana. Mutumin da ko hotonsa ba mu da shi?"

Ya ɗago daga kwanon ya ce, "Ƙanwata, mu ma baƙi ne a nan. In muka faɗi, ba kya so wani ya tambaya?"

Wata Litinin wasiƙa ta zo mai ɗan kauri. Na jefa ta a jaka, na ce wata ban-haƙurin ce. Juma'ar nan wata abokiyar aiki ta roƙe ni na karɓi aikinta, ban je coci ba. Na yi masa waya, muka yi hira, ban ko ambaci wasiƙar ba. Ran Laraba zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki.

Sai bayan mun kai shi gida mun binne na buɗe. Wata tsohuwa ce da ke tattara tarihin ƙauyensu ta rubuto, ta haɗo da hoton shafin littafin jana'iza. Ga sunan Kaka nan da tawada, baƙo daga Afirka. A gefen shafin faston wancan zamani ya ƙara da hannunsa cewa mamacin ya bar mata da jariri a ƙasarsu, kuma har ƙarshe yana ambatonsu. Kakarmu ta mutu tana zaton ya manta da ita. Yaya ya mutu amsarsa na cikin jakata, tsakanin makullai da ƙwayar ciwon kai.

Yanzu an ɗora irin littattafan nan a intanet. Bara 'yata ta nemo shafin a wayarta kafin shayina ya huce. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai yi dariya ya ce mun ji daɗi, ya kuma ƙara da cewa waya ba ta yi wa mutum fatan alheri. Duk amsoshin nan ya adana su a akwatin takalmi, yana kiran masu rubuta su abokansa.

A wancan lokacin na amsa wa tsohuwar da godiya, na ba ta sunan Kakarmu da na Baba kamar yadda ta nema. Ban iya rubuta mata cewa Yaya ya rasu ba. Na sa hannu ne a madadinsa. Bayan wata shida ta aiko da ɗan littafin tarihin ƙauyen da suke ajiyewa a bakin ƙofar coci. A ƙarƙashin sunan Kaka sun ƙara layi ɗaya, cewa jikansa Ishaya ya neme shi shekara da shekaru har ya same shi.

Na sha ɗaukar biro in gyara musu, sai in ajiye. Ni na san bai ji ba, kuma na san wadda ta hana shi ji. Amma a wannan ƙauyen da bai taɓa takawa ba, a rubuce yake cewa Yaya ya sami Kaka, kuma ba zan iya ƙwace masa wannan a karo na biyu ba.